Gangar Zinariya: Tsiron da Ya Cika Kasuwannin Duniya, Yana Ƙarewa a Mahaifarsa

A tsakiyar ƙasar Meziko, inda jihohin Keretaro da Hidalgo suka yi iyaka, akwai wani kwazazzabo mai zurfi da kogin Moktezuma ke ratsawa. A jikin duwatsunsa ne Allah Ya ajiye wani tsiro mai ban al'ajabi daga dangin kaktus, wanda masu lambu ke kira gangar zinariya. Dunƙulalle ne kamar tulu, ba reshe ba ganye, jikinsa duk tsaga-tsaga, kowace tsaga jere da ƙayoyi ruwan ɗorawa. Idan ya tsufa yakan kai kusan mita guda a tsayi, amma ba ya fure sai ya shekara kamar 20. Mutanen ƙasar suna yi masa laƙabi da kujerar suruka, barkwancin da a wajenmu kunya ba za ta bari a furta shi ba.

Da yawanmu idan muka ga hotonsa za mu ce ɗan'uwan ƙerana ne ko tinya. Ba haka ba ne. Ƙerana da tinya 'yan wani dangi ne dabam, zaman fari ne kawai ya sa suka yi kama. Alamar da masana ke dubawa ita ce wani ɗan tudu mai gashi kamar auduga, wanda ƙaya da fure ke fitowa daga cikinsa. Kaktus kaɗai ke da shi. Kuma dangin kaktus, in ban da nau'i guda, asalinsu nahiyar Amurka ne.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe, Heinrich Hildmann, ya siffanta tsiron, ya raɗa masa suna Echinocactus grusonii don karrama Hermann Gruson, attajirin birnin Magdeburg mai sha'awar tara irin waɗannan tsirrai. Sunan ya zauna fiye da shekara 100. Da aka fara binciken ƙwayoyin gado, sai aka ga tsiron ya fi kusa da zuriyar Ferocactus a kan wadda aka jingina shi gare ta. Saboda haka a 2014 masani Joël Lodé ya ware masa zuriya tasa shi kaɗai, Kroenleinia. Wasu sun karɓa, wasu har yau suna kan tsohon suna.

Ɗalibi zai iya cewa wannan gardamar malamai ce kawai, mu kuwa ba mu ga haka ba. Doka da suna take aiki. Jami'in kwastan da ya tare kaya a tashar jirgi yana duba jerin sunaye ne, kuma idan takarda ta zo da sunan da ba ya cikin jerinsa, ɓarawo ya sami ƙofa. Abin da ya rage wannan haɗari shi ne yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa kusan dukkan dangin kaktus a ƙarƙashin sa ido, ko da wane suna aka kira tsiro. Sannan idan ya tabbata shi kaɗai ne a zuriyarsa, to rasa shi rasa reshe ne sukutum.

Masu tonowa su sayar sun daɗe suna rage shi, amma babbar musibar ta zo ne a shekarun 1990, lokacin da aka gina madatsar Zimapan don samar da lantarki. Ruwa ya shanye wani babban yanki na kwazazzabon. Masana tsirrai sun yi ta kwashe abin da suka iya kafin ruwan ya iso, suna kai wa lambunan adana tsirrai. Ba mu zargin masu neman wuta, domin mun san zafin rashinta. Sai dai tsiron da ke buƙatar shekara 20 kafin ya ba da iri ba ya mayar da asara da wuri. Daga baya an gano wani rukuninsa a jihar Zakatekas, abin da ya ɗan sanyaya zuciya, duk da haka ƙungiyar IUCN tana lissafa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ba shi kaɗai ba ne: binciken da aka fitar a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na nau'o'in kaktus suna cikin haɗari.

Abin mamaki, yana daga cikin kaktus da aka fi shukawa a duniya, a harabar otal-otal da tukwanen ƙofar gida. Me ya sa ake kuka, alhali ga shi ko'ina? Na cikin tukunya yawanci daga iyaye kaɗan aka yi ta haifo su, don haka gadonsu ya ƙuntata, cuta guda tana iya kwashe su. Kuma sun rabu da ƙudan zuman dajin da ke yi musu barbara, da dutsen da suka saba da shi. Shi ya sa lambun tsirrai na garin Kadereita, a jihar Keretaro, yake renon kaktus ɗin yankin daga iri, domin mai so ya sami na saye ba tare da an je an tono na daji ba.