Tsufan faifai ba ya kayar da jirgi

Tun da wasu masana tsaron kwamfuta suka nuna a 2020 cewa jirgin Boeing 747-400 yana karɓar bayanan hanyarsa ta ɗan faifan kwamfutar nan na zamanin da, masu ƙorafi suka samu abin faɗa. A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, da zarar jirgi ya makara, sai ka ji ana cewa ai akwala ake turo wa Arewa. Kukan jinkiri gaskiya ne, amma wanda ya ɗora wa faifai laifi bai san inda gizo ke saƙa ba.

Abin da ke cikin faifan, ko katin da ƙananan jirage ke amfani da shi, kundin hanyoyin sama ne: wuraren juyawa, tsawon titin sauka, da tsayin da ba a yarda jirgi ya yi ƙasa da shi ba. Bisa tsarin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ana sabunta kundin duk kwana 28, rana guda a duniya baki ɗaya. A Kamaru, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA mai hedkwata a Dakar ce ke wallafa sauye-sauyen, kamfanoni irin su Jeppesen su mayar da su harshen na'ura, injiniya ya ɗora. Kafin tashi, matuƙi yakan duba ranar ƙarewar kundin a gabansa. Katin tamkar allon almajiri ne: ko ya shekara ashirin, in an wanke an rubuta karatun yau daidai, ya biya bukata, sabon allo mai karatun bara kuwa ɓatar da yaro zai yi.

Hadarin Cali a Kolombiya, Disambar 1995, ya isa shaida. Matuƙan American Airlines sun danna harafin R suna nufin tashar Rozo, kamar yadda taswirar takarda ta nuna, na'ura kuwa ta ɗauko wata tasha kusa da Bogota. Jirgin ya karkace ya daki dutse, mutum 159 suka mutu. Babu faifan da ya lalace. Takarda da kundi ne suka saɓa, gaggawa ta hana a tantance.

Za a ce Sony ya daina ƙera faifan tun 2011, cikinsa ƙarami ne, kuma yana lalacewa. Haka ne, dole a yi shirin maye gurbinsa. Sai dai na'urar jirgi tana ƙin karɓar kundin da ya gurɓata, kuma ba a sauya ko da ƙusa a ɗakin matuƙi sai an gwada an ba da takardar izini, aikin da ke cin lokaci da kuɗi. Faifan da ake ɗauka a hannu kuma ya fi wahalar yi wa kutse daga nesa.

Tambayar da ta kamaci 'yan Arewa ta hukuma ce. A watannin hunturu hazo yakan rufe Binuwai har matuƙi ya dogara kacokan ga na'ura, ga tudun Tinguelin kusa da Garwa, ga duwatsun Mandara yamma da Marwa. Garuruwan suna faɗaɗa, dogayen ƙarafan sadarwa da benaye suna tashi. Duk ƙarfe ko benen da ya tsaya kusa da hanyar sauka sai an auna shi an kai rahoto kafin ya shiga kundi. Alhazan da ke tashi daga Garwa suna da hakkin jin hukumar sufurin jiragen sama ta faɗa a fili yaushe aka yi awon ƙarshe, kuma wa ke sa ido kan masu gini a gefen filin.