Taron Dangi da Jakar Magani: Yadda Wasan Pokémon GO Ke Cin Ƙafa da Aljihu

Yawancin wasannin waya a kwance ake yin su, ko a zaune a majalisa. Pokémon GO ya bambanta, domin sai mutum ya sa takalmi ya fita. Kamfanin Niantic na Amurka ne ya fito da shi ranar 6 ga Yulin 2016, da haɗin gwiwar Nintendo da kamfanin Pokémon na Japan. Wasan yana amfani da na'urar gano wuri da ke cikin waya, ya zana taswirar inda kake tsaye, sa'annan ya watsa dodanni a kanta. Idan kana Ƙofar Ƙaura a Katsina, hanyoyin Ƙofar Ƙaura za ka gani a allo. Idan ka taka zuwa Ƙofar Soro, ɗan mutumin da ke wakiltarka a wasan zai taka tare da kai.

Su dodannin sun girmi wayar zamani. Wani Bajapane mai suna Satoshi Tajiri, wanda ya tashi yana farautar ƙwari a Machida kusa da Tokiyo, shi ya ƙirƙiro su, suka fara fitowa a 1996 a ƙaramar na'urar Game Boy. A lokacin 151 ne, yau sun haura 1,000. Mai kallo daga nesa zai zaci kama dodo shi ne wasan. Kamun somin taɓi ne kawai. Inda wasan ya ɗaure mutum shi ne faɗan ƙungiya, da kuma maganin da ake jinyar dodanni da shi bayan faɗa. Wanda ya gane yadda waɗannan biyun ke aiki, ko ɗan wasa ne ko uban ɗan wasa, ya gane inda lokaci da kuɗi ke zurarewa.

Ɓangarori uku

Da ɗan wasa ya kai mataki na 5, sai a ce ya zaɓi ƙungiya: ja mai suna Valor, shuɗiya mai suna Mystic, ko ruwan ɗorawa mai suna Instinct. Wanda ya saba zuwa gidan dambe ba zai sha wahalar fahimta ba, domin haka ake da Arewa da Kudu da Guramaɗa: kowa da ɓangarensa, kuma kisan da ɗan ɓangarenku ya yi naku ne gaba ɗaya.

Abin da ake rigima a kansa shi ne fagagen faɗa da aka kakkafa a wasu wurare na zahiri a cikin gari. Ƙungiyar da ta kame fage tana iya girke dodanni har 6 su tsare shi, kowane ɗan wasa ya kawo ɗaya. Masu gadin nan karsashinsu yana raguwa da tafiyar lokaci da kuma yawan hari, sai an riƙa ba su 'ya'yan itace na cikin wasa. Ladan gadi kuwa sulalla ne: sulai 1 a kowane minti 10, kuma ba a wuce 50 a yini. Wato dodon da ya yi awa 8 da minti 20 a fage ya cika mudun ranar, kuma ba za a biya ka ba sai an kore shi ya dawo hannunka a sume. Ka ga tun daga nan lada da jinya tare suke zuwa.

Farmakin taron dangi

A watan Yunin 2017 aka ƙaro abin da ya sauya wasan. Wani ƙaton ƙwai yakan bayyana a saman fage da agogo yana ƙirga lokaci. Idan ya ƙyanƙyashe, sai wani gawurtaccen dodo ya fito ya zauna na kimanin minti 45. A nan ana ajiye gabar ƙungiya, ja da shuɗi da ɗorawa su haɗu, har mutum 20 a zubi ɗaya, su far masa. Kowa yana shiga da dodanni 6. Ana auna ƙarfin abokin gaba da taurari: mai tauraro 1 mutum ɗaya ma yana iya kayar da shi, mai 3 yana son shiri, mai 5 kuwa, inda manyan dodanni irin su Mewtwo da Kyogre da Rayquaza ke fitowa, ba a yi masa shigar kaɗaici. Daƙiƙa 180 ake bayarwa a ƙananan faɗa, 300 a manya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan ma sai da sanin makama.

Makamar ita ce jinsi. Dodannin sun kasu gida 18, kuma kowane gida yana da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayarsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Kyogre na ruwa ne, don haka masu lantarki da masu ciyawa ake tura masa. Rayquaza kuwa ƙanƙara ce lagonsa, har ninki biyu. Bugun da ya dace da lagon abokin gaba yana ƙaruwa da kashi 60 cikin 100. Yanayin sama na garin da kake ciki, rana ko ruwa ko iska, yana ƙara wa wasu jinsuna kashi 20. Faɗa kafaɗa da kafaɗa da wanda kuka kai ƙololuwar abota a wasan ma yana ƙara ƙarfin bugu. Saboda haka mutum 5 da suka san abin da suke yi sukan gama da dodon da ya gagari mutum 10 da ba su san makama ba.

Jinyar bayan faɗa

A wannan wasa dodo ba ya warkewa da kansa. Ko ya kwana wata guda a jaka, raunin da ya ji yana nan. Magungunan rauni huɗu ne. Potion yana mayar da maki 20 na lafiya, Super Potion 50, Hyper Potion 200, Max Potion kuma ya cike gurbin duka. Amma dodon da ya suma ba ya shan ko ɗaya daga cikinsu, sai an fara farfaɗo da shi. Revive yana tayar da shi da rabin lafiyarsa, Max Revive kuma da cikakkiya.

Mu ɗauki dodo mai maki 180 da aka sumar a farmaki. Ka ba shi Revive, ya tashi da 90. Saura 90. Idan ƙaramin magani gare ka, kwalba 5 za ta tafi. Idan Super ne, 2 sun isa. Idan ka yi gaggawa ka danna Hyper, ka zubar da maki 110 a ƙasa. Yanzu ka ninka wannan sau 6, domin a babban farmaki da ƙarancin jama'a, rundunarka kan ƙare ƙaf. Wasan zai fitar da kai gefe, agogo na ci gaba da tafiya, kai kuma kana ta lalube a jaka da yatsa mai gumi, kana tayar da su ɗaya bayan ɗaya don ka koma kafin lokaci ya cika. A irin wannan lokacin ne Max Revive ke da daraja, domin dannawa ɗaya ta wadatar. Shi ya sa ƙwararru suke ɓoye shi don tsakiyar faɗa, su bar ƙananan magunguna don jinyar gida. Sukan kuma shirya runduna ta biyu tun kafin a fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hanyoyin rage asara. Goce wa babban bugu ta hanyar jan yatsa gefe yana rage raunin da kashi 75 cikin 100. Karawa tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa ba ta cin magani ko kaɗan, domin dodanni suna fitowa yadda suka shiga. Amma faɗa da 'yan ta'addar cikin wasan, Team GO Rocket, waɗanda aka shigo da su a 2019, yana cin magani sosai. Wanda ke tare kowane ɗan Rocket da ya gani, ranar babban farmaki zai tarar jakarsa wayam.

Daga ina maganin ke fitowa?

Hanyoyi uku ne: ƙafa, abokai, ko aljihu. Ta ƙafa ita ce zuwa tashoshin da ake kira PokéStop da kuma fagage, a juya faifan hoton wurin, kaya su zubo. Sai bayan minti 5 tashar ke sake bayarwa. Ta abokai ita ce kyautar da 'yan wasa ke aika wa juna kullum, ko da ɗaya yana Katsina ɗaya yana Jakarta. Cin nasara a farmaki ma yana kawo nasa rabon.

A nan ne garuruwanmu ke da gibi. Tashoshin farko an gado su ne daga wani tsohon wasan Niantic mai suna Ingress, inda 'yan wasa da kansu suka riƙa tura hotunan wuraren tarihi da gumaka da zane-zanen bango. Biranen da suka yi yawan 'yan Ingress, irin su Tokiyo da Landan, sun cika da tashoshi. Inda ba su yi yawa ba, taswira ta zama fili fetal. A 2019 kamfanin ya buɗe tsarin Wayfarer, wanda ya ba gogaggun 'yan wasa damar gabatar da sababbin wurare. Katsina ba ta rasa abin gabatarwa ba: Hasumiyar Gobarau, tsohuwar Kwalejin Katsina da ta zama gidan tarihi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya, filin wasa na Muhammadu Dikko. Ƙa'idar tsarin ta hana gidajen mutane da makarantun yara.

Idan ƙafa da abokai suka gaza, kanti yana buɗe. Jakar ɗan wasa ta fara ne da gurbi 350, kuma ƙwallayen kamu da 'ya'yan itace da magani duk a ciki suke cunkuso. Ƙarin gurbi 50 sulalla 200 ne, wato ladan gadin kwana 4 cur. Tikitin shiga farmaki guda ɗaya ake bayarwa kyauta a yini. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, aka fito da tikitin shiga daga nesa, wanda ya yi wa mazauna wuraren da babu jama'ar wasan rana ƙwarai. A Afrilun 2023 aka ɗaga farashinsa daga sulalla 100 zuwa 195, aka kuma ƙayyade yawan amfani da shi a yini. Wanda bai iya jira ba, da katin banki zai sayi sulalla. Kada a ɗauka ƙaramar harka ce: a Maris ɗin 2025 kamfanin Scopely ya amince ya sayi sashen wasannin Niantic a kan dala biliyan 3.5.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Wasan yana da alfanu. Wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar likitanci ta BMJ a Disambar 2016 ya nuna sababbin 'yan wasa sun ƙara taku kusan 955 a yini a makon farko. Sai dai zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace. Haɗarinsa kuma ba tatsuniya ba ne. A Yulin 2016 'yan sanda a O'Fallon ta jihar Missouri sun kama wasu da ke fakon 'yan wasa a tashoshi suna yi musu fashi. A watan Agustan shekarar, a Tokushima ta Japan, wani direba da hankalinsa ke kan wasan ya kaɗe mata biyu, ɗaya ta rasu.

Bakatsine ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Tsayawa a lungu bayan magariba da waya mai haske a hannu, ido a allo, gayyata ce ga ƙauraye masu ƙwacen waya. Tsallaka titi tsakanin 'yan acaɓa da masu Keke Napep ana jinyar dodo ganganci ne. Fita bayan gari neman dodon da ba a samu a ciki ba, a halin tsaron da jihar ke ciki, bai ko kamata ya zo a rai ba. Sa'annan ga data, wadda kuɗinta ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ga batir, domin allo da intanet da na'urar gano wuri duk a kunne suke, kuma a zafin Afrilu waya kan yi zafi har ta riƙa sanɗa. Kashe kyamarar wasan yana sauƙaƙa wannan. Masu shigar da manhajar bogi don su yaudari wasan cewa suna wata ƙasa kuwa, gargaɗi ne ke jiransu, sai dakatarwa, sai rufe asusu; kuma irin waɗannan manhajoji ƙofa ce ta satar bayanan waya.

Ta fuskar addini, a 2001 malaman Saudiyya sun haramta katunan Pokémon, suna kafa hujja da caca da wasu alamomi da aƙidu da suka gani a ciki. Iran ta hana Pokémon GO a Agustan 2016 saboda dalilan tsaro. Abin lura shi ne, Scopely da ya sayi wasan mallakin Savvy Games ne, na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. Wanda ke da shakku ya tambayi malaminsa. Abin da ba ya bukatar fatawa shi ne cewa masallaci da maƙabarta ba fagen wasa ba ne, ko da taswira ta nuna dodo a ciki, kuma ƙwan da zai ƙyanƙyashe lokacin la'asar ba uzuri ba ne.

Ga iyaye, hani kai tsaye sau da yawa ɓoyo yake haifarwa. Abin da ya fi shi ne ka zauna da yaron ya buɗe maka jakarsa ta wasan, ka tambaye shi ina yake samun magani, da wa yake fita farmaki, a wace unguwa, ƙarfe nawa. Ka cire katin banki daga wayar, ko ka sa kalmar sirri a kan kowane saye. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ƙa'idar kamfanin ma ta ce sai da asusun da iyaye suka amince da shi. Ga matasa kuma, ku fita da rana, ku fita a ƙungiya, ku zaɓi wuri mai jama'a, ku yanke abin da za ku kashe a wata tun kafin ku buɗe kanti. Ranar da magani ya ƙare a jaka, a rufe wasan a koma gida. Tashoshin suna nan gobe, kuma kyauta suke bayarwa.