Makullin Ofis Na Zamani: Gyara Da Tsaron Kwamfuta A Mashi

Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sa'ad da En'e ke riƙe da ƙasa, asirin ofis yana cikin kabad ne, makulli kuwa a aljihun akawu. Yau a Mashi, bisa hanyar Katsina zuwa Daura, lissafin albashi da sakamakon 'yan makaranta sun fara komawa cikin kwamfuta da wayar hannu. Tun 2015 ma jarrabawar JAMB da kwamfuta a ke yinta. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayanin abu biyu, watau gano cuta in sadarwa ta tsaya, da tsare ta daga ɓarayi.

In intanet ta ɗauke, kada a yi garajen kiran mai gyara. A fara daga kusa. A duba wuta, da fitilun na'urar nan mai rarraba intanet da a ke kira rauta, sa'an nan wayoyin da aka jona, gama ƙurar hunturu da ɓera sukan ɓata su. In kwamfuta ɗaya ce ta ƙi, sauran suna aiki, to, laifin nata ne. In duka suka tsaya, a kashe rautar, a dakata kaɗan, a sake kunnawa. In ba ta dawo ba, a duba ko data ta ƙare, a kuma gwada layin wani kamfani. Wani lokaci cutar tana can nesa. Ran 14 ga Maris 2024 waɗansu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, sadarwa ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Wanda ya kwance rautarsa ran nan, ai wahalar banza ya sha.

Batun tsaro kuwa ya fi nauyi. Rauta takan zo da kalmar sirrin da kamfani ya sa mata, sau da yawa a rubuce a jikinta. Barinta haka kamar barin makulli ne jikin kwaɗo. A sake ta, a sa doguwa, ba sunan ɗa ko lambar waya ba, a kuma kunna tsaron WPA2 ko WPA3. In ma'aikaci ya bar ofis, a sake wata.

Na biyu, a riƙa sabunta manhaja. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja, WannaCry, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da maganin. Waɗanda suka yi sakaci su ta ci. Ga shi kuma wa'adin kula da Windows 10 ya cika ran 14 ga Oktoba 2025.

Na uku, a ajiye kwafin muhimman takardu a wata ma'ajiya dabam da ba ta jone da kwamfuta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki ya ke, yana neman lambar sirrin kati ko lambar da aka aiko ta saƙo, a kashe wayar. Banki ba ya tambayar wannan.

A tuna kuma akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sunayen yara da albashin ma'aikata amana ce a hannunmu, wanda ya bari ta zube kuwa za a tambaye shi. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.