Kafin a Buga Badujala: Yadda Gari Ke Shirya Bikin 18 ga Disamba

Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, cikakken 'yanci kuma ya biyo baya ranar 3 ga Agusta 1960. Ranakun biyu duka na hutu ne, amma kowace da halinta. Ta Agusta ta faɗo a tsakiyar damina, shi ya sa tun 1975 aka haɗa ta da dashen itatuwa. Ta Disamba kuwa takan zo bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, hunturu ya sauka. Ita ce ranar fareti da hawan doki da kokowa da kaɗe-kaɗe.

A zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka tsara cewa babban bikin ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi maimakon ya tare a Yamai. Damagaram ta karɓa a 2006, Tawa a 2007, Tilaberi kuma a 2008, shekarar da jamhuriyar ta cika 50. Dabarar tana da asali, domin a mulkin Seyni Kountché bikin matasa na ƙasa ya riƙa yawo daga wannan birni zuwa wancan, 'yan Samariya suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Bayan wani ɗan tsaiko, Shugaba Mahamadou Issoufou ya farfaɗo da zagayen, ya ɗaura masa manyan ayyukan gine-gine, kowane gari da sunan shirinsa: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, Tillabéri Tchandalo a 2019. Na Difa, wato Diffa N'Glaa, an sa shi a 2020 amma sai a 2021 aka yi shi.

Hikimar abin a fili take. Aikin gwamnati da ba a yanka masa rana ba yana iya shekara goma a kan takarda. Idan kuwa an san shugaban ƙasa da jakadu da sarakuna za su sauka a gari ranar kaza, dole kuɗi su fito, dole ɗan kwangila ya motsa. Ta haka waɗannan birane suka samu sababbin tituna da fitilu, da dandalin fareti, da masaukin baƙi, aka gyara filayen wasa da gidajen al'adu, wasu har da filin jirgin sama. Duk wanda ya san Maraɗi ko Damagaram kafin zagayen ya zo kansu ya ga bambanci, kuma bai kamata a raina wannan ba.

Sai dai ranar da ke tura aiki ita ce kuma ke ɓata shi idan an makara. Damina takan cinye daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da shimfiɗa kwalta da haƙar lambatu ke wuya. Wanda bai fara ba tun rani, abin da ya rage masa shi ne Oktoba da Nuwamba da rabin Disamba. Kankare kuwa ba ya jin umarnin gwamna: injiniyoyi kan auna cikakken ƙarfinsa ne bayan kwana 28, kuma a busasshiyar iskar hunturu sai an yi ta ba shi ruwa, in ba haka ba ya tsage. Titin da aka shimfiɗa cikin gaggawa ba tare da magudanar ruwa ba, damina ɗaya ko biyu ke tona asirinsa. Ga kuma masu rumfuna da 'yan tebur da akan tasa daga bakin titi don gari ya yi kyan gani. Gyara titi daidai ne. Amma tashin mai shayi ko mai faci daga inda yake samun abincin iyalinsa, ba a tanadar masa wani wuri ba, ba a ba shi isasshen wa'adi ba, wannan zalunci ne ko da sunan bikin ƙasa aka yi shi.

Wannan labarin manyan birane ke nan. Garuruwa irin su Tasawa, Madawa, Magarya, Dakwaro ko Dogon Dutse ba su da rabon maƙudan kuɗin waɗancan ayyuka, amma su ma akwai tuta a gaban ofishin hukuma, akwai makarantu, akwai fadar sarki, akwai jama'ar da ke son su fito su yi murnar ƙasarsu. A irin waɗannan garuruwa, inda ba sabon gini da zai rufe kunya, tsari kaɗai ke raba bikin da aka ji daɗinsa da wanda aka sha wuya a cikinsa. Kuma yawancin abin da ake bukata lissafi ne da tunani, ba kuɗi ba.

A fara da lokaci. Takun fareti na soja kusan taku 120 ne a minti, kowane taku kimanin santimita 75, wato mita 90 a minti ɗaya. Kilomita ɗaya ke nan cikin minti 11 ko 12, yaran firamare kuma sun fi haka jinkiri. Idan rukuni 40 za su wuce gaban rumfar manya, kowane ya ci minti biyu har da tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa, an tashi da awa ɗaya da minti 20, kafin a ƙara taken ƙasa da jawabai. Kwamitin da ya zauna ya yi wannan lissafi tun da wuri zai gane cewa ba kowace ƙungiya za a bari ta tsaya ta yi wasa a gaban manya ba, kuma jawabi biyu sun isa. Wanda bai yi ba, sai ya ga azahar ta yi rabin makarantu ba su wuce ba.

Abin da ya fi ci mini rai a harkar nan shi ne yara. Su ne adon fareti, su ne kuma akan manta da su. A tara su a fili tun ƙarfe bakwai na safe, da yawansu ba su karya ba, a jera su a tsaye ana jiran manyan baƙi har hantsi ya dubi ludayi. Sanyin Disamba yana ruɗin mutane. Da safe ana rawar ɗari, amma kafin tsakar rana zafi ya kusa digiri 30, iska kuma a bushe take ƙamas, gumi na bushewa tun kafin a gan shi, jiki yana asarar ruwa ba a sani ba. Mutum idan ya daɗe tsaye ƙyam, jini yakan taru a ƙafafunsa, domin motsin tsokar ƙwauri ne ke taimakawa wajen tura shi sama zuwa zuciya. Jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu, ido ya yi duhu, yaro ya yanke jiki ya faɗi. Ba iskokai ba ne, ba kuma ragwanci ba. Maganinsa mai sauƙi ne: yara su ci abinci kafin su fito, su zauna a inuwa har sai layinsu ya kusa, a ajiye randuna ko jarkokin ruwa a inda suke jira, malamai su koya musu motsa yatsun ƙafa da ɗaga dunduniya yayin tsayuwa. Wanda ya faɗi a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai. Ƙananan yara kuwa a sa su a farkon jeri su wuce su huta. Kuma ma'aikatan lafiya su zauna kusa da yara, ba kusa da rumfar manya ba, domin can aikinsu yake.

Akwai wani abu da ke sa malamai tsawa a banza lokacin atisaye. Za ka ga rukunin gaba suna taku daidai da ganga, na baya kuwa sun saɓa, a ce ba su iya ba. Sau da yawa laifin na nisa ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Wanda ke mita 170 daga masu badujala yana jin bugun ne bayan rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙa kuwa taku guda ne cif. Idan ga lasifika a wannan gefe ga ganga a wancan, yaro yana jin bugu biyu, bai san wanda zai bi ba. Shi ya sa ya fi kyau masu kiɗa su tsaya daura da rumfar manya, kowane rukuni mai nisa kuma ya samu ɗan gangarsa ko mai ba shi amo har ya iso kusa.

Dawaki su ne abin da jama'a suka fi jira, su ne kuma suka fi haɗari. Dokin da bai saba da ƙarar bindiga da algaita da ihun taro ba yana iya zabura ya faɗa cikin mutane. Wannan fage na fada ne: sarkin dawaki da dogarai sun fi kowane ma'aikacin ofis sanin wane doki ne mai hankali, wane mahayi ne yaro. A ba su wuri a kwamiti tun zaman farko, ba a aika musu da takarda ana saura kwana uku ba. Mahaya su zo a ƙarshe, bayan yara sun bar fili, a kuma ja igiya mai ƙarfi tsakaninsu da 'yan kallo. A yayyafa wa fili ruwa da asuba saboda ƙura.

Taron jama'a ma yana da ma'auninsa. Masana sun nuna cewa idan mutane suka wuce huɗu ko biyar a kowace murabba'in mita, mutum ba ya iya sarrafa tafiyarsa, turereniya ce ke kai shi inda ta ga dama. Yawanci ba a tsakiyar fili ake samun matsala ba, a ƙofa ne, lokacin da kowa ya tashi fita a tare. Filin da ke da ƙofa ɗaya bai dace ba. A buɗe mafita ta kowane gefe, a bar hanya guda fayau don motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, a keɓe wa mata masu goyo da tsofaffi da naƙasassu wurin zama mai inuwa. Masu ƙosai da masu tsire da masu lemo kuwa kada a kore su. Ranar cinikinsu ce. A ja musu layi nesa da hanyar dawaki, masu wuta kuma nesa da rumfunan zana.

Jeri kansa yana faɗin abin da gari ya ɗauki kansa. Sojoji da jandarmomi da 'yan sanda da ma'aikatan gandun daji suna da gurbinsu, ba mai ja. Amma jamhuriya ta kowa ce, don haka ina ganin faretin ƙaramin gari bai cika ba sai an ga manoma da makiyaya, maƙera da mahauta, ƙungiyoyin mata, ɗaliban makarantun allo tare da na boko, kowa da kayan sana'arsa. Mai gabatarwa kuma ya yi magana da harshen da mutanen garin ke ji. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye a kan amalanke don ta ga jikarta tana maci, hakkinta ne ta ji an ambaci sunan makarantar da bakin da take fahimta.

Saura kuɗi, inda yawancin rigima ke tasowa. Ƙaramin gari kan haɗa abin da hukumar gari ta ware da gudummawar 'yan kasuwa da 'yan asalin garin da ke zaune a Yamai ko ƙasashen waje. Kada nauyin ya koma kan iyaye ta hanyar tilasta ɗinka sabon anko. Kayan makarantar da aka wanke aka goge sun wadatar, kuma ba a cire yaro daga layi don takalminsa ya tsufa. Kowace gudummawa a rubuta ta da rasit. A cikin mako guda bayan biki, bayan an share fili an mai da kujerun aro, kwamiti ya sake zama da magajin gari da wakilin sarki da shugabannin makarantu. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a rediyon gari, a biya makaɗa da masu rumfa hakkinsu, a rubuta ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka tashi, yara nawa aka kai wurin ma'aikatan lafiya, wace ƙofa ce ta cushe. Wannan littafi a ajiye shi a ofishin magajin gari, a miƙa shi ga kwamitin baɗi tun watan Satumba.