Bayan tiyatar rage ƙiba: yadda za ka ci, ka sha, ka zauna lafiya da sabon tumbinka

Tiyatar rage ƙiba aiki ne na awa ɗaya zuwa uku, kuma galibi bayan kwana biyu ko uku ake sallamar mutum daga asibiti. Masu neman ta daga nan Kaduna sukan je Abuja ko Legas, wasu kuma su ƙetara Masar, Indiya ko Turkiyya. Ko a ina aka yi maka, gida za ka dawo. Za ka tarar da tukunyar tuwo a kan wuta yadda ka bar ta, mai shayi yana bakin titi, ƙamshin tsire yana tashi daga wajen tashar Mando da yamma. Komai yana nan daram, tumbinka ne kaɗai ya canza.

Wannan bayani naka ne idan an yi maka aikin ko kana shirin yi, kuma na iyalin da za su riƙa dafa maka abinci ne. Idan wani abu a ciki ya saɓa da takardar da likitanka ya ba ka, ka bi ta likita.

Me aka yi wa cikinka?

Iri biyu aka fi yi. A na farko, wanda likitoci ke kira silib, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba. Abin da yake ɗauka a farko bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin madara ba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci take raguwa.

Na biyu shi ne baifas. Ana ware wata 'yar jaka kamar girman ƙwai daga saman tumbi, a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Kamar yadda titin Nnamdi Azikiwe yake ɗauke mota daga Mando ya kewaye tsakiyar gari, haka abinci yake tsallake sauran tumbin da farkon hanji. A wannan farkon hanjin jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, don haka ƙarancinsu ya fi samun wanda aka yi wa baifas.

Ba kowa ake yi wa ba. Likitoci suna duba ma'aunin BMI: a raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau biyu. Mai kilo 110 da tsawon mita 1.65 yana da kusan 40. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 ta amince da aikin ga mai 35 zuwa sama, da kuma mai 30 zuwa 34.9 idan yana fama da ciwon suga ko makamancinsa. Galibi mutum kan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa, mafi yawa a wata 12 zuwa 18 na farko.

Kafin ranar aiki

Kusan mako biyu kafin aiki za a ɗora ka a kan abinci mai ƙarancin sitaci, mai da suga. Dalili shi ne hanta tana kwance a saman tumbi, kuma ta mai ƙiba takan cika da kitse. Idan ta ragu, likita ya fi samun sararin aiki. Idan kana shan sigari ko shisha, ka daina aƙalla mako shida kafin lokacin, domin hayaƙi yana hana ɗinki warkewa.

Tun kafin ka tafi, ka nemi likita a Kaduna wanda zai ci gaba da duba ka. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, Asibitin Sojoji na 44 da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin tiyata da ɗakunan gwajin jini. Ka tambayi masanin abinci na asibitin. Kada ka baro inda aka yi maka aiki sai da takarda mai nuna irin tiyatar, ranar da aka yi ta, da magungunan da aka ba ka.

Mako takwas na farko

Sabon ɗinki ba ya son nauyi, don haka mataki-mataki ake komawa abinci. Tsawon kowane mataki yakan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Mako na 1 da na 2, ruwa-ruwa kawai: ruwa, romon kaza ko kifi da aka tace ba mai ba yaji, madara marar kitse, madarar waken suya, kindirmo tsararo ba suga. Idan nono za a sayo, a tabbatar daga dafaffiyar madara aka yi shi, domin ɗanya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Mako na 3 da na 4, abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaye: faten wake da aka cire ɓawonsa aka markaɗe, kifi da aka niƙa da romo, ƙwai mai laushi, kabewa. Cokali biyu zuwa huɗu sun isa zama ɗaya.

Mako na 5 da na 6, abin da cokali zai iya murƙushewa: alale ba mai da yawa, dafaffiyar awara, kifi, niƙaƙƙen nama cikin miya, ganyen da ya nuna luguf.

Daga mako na 7 ko na 8 sai a fara abincin gida. Ka riƙa gwada sabon abu ɗaya a rana, domin idan ya dame ka ka san ko wane ne.

Juya kwano: mai gina jiki ne farko

A gidajenmu tuwo ne abinci, miya rakiya ce, nama kuma yanka ɗaya ko biyu a ƙarshe. Wannan tsari ba zai yi maka ba yanzu. Idan loma uku ta tuwo ta cika tumbin, babu sauran wurin abin da jiki yake buƙata. Daga nan sai tsoka ta zube, gashi ya kakkaɓe, rauni ya ƙi warkewa.

Kana buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kowace rana. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. Kofin madara na mililita 250 yana ba da kusan 8. Dafaffiyar tsokar kaza ko kifi mai girman tafin hannu tana ba da 20 zuwa 25. Ludayin dafaffen wake na giram 100 yana da kusan 8. Ka ga ke nan sai an lissafa, kuma sai an raba cin zuwa ƙananan zama biyar ko shida a watannin farko.

A kowane zama, fara da kifi, kaza, ƙwai, wake ko awara. Bi da ganye irin su alayyafo, zogale ko kuɓewa. Idan da sauran wuri, ka ɗanɗana tuwo ko dankali. Yi ƙananan loma, ka tauna sau 20 ko fiye, ka ba zaman minti 20 zuwa 30. Da ka ji nauyi a ƙirji, ko shaƙuwa, ko gyatsa, ajiye cokali. Loma ɗaya bayan wannan ita ce ke kawo amai.

Akwai abubuwan da suka fi maƙalewa: sakwara, teba, sabon burodi, shinkafa, taliya, da busasshen nama irin kilishi, tsire da balangu. A jinkirta su zuwa wasu watanni. Masu zare da yawa kamar rake, goruba, totuwar lemo da mangwaro mai gashi suna iya dunƙulewa su toshe hanya.

Ruwa: leda uku zuwa huɗu, kurɓi-kurɓi

Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutum asibiti a makonnin farko. Ba za ka iya ɗaga kofi ka shanye ba kamar da. Ana so ka sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, amma da kurɓa kaɗan-kaɗan daga safe zuwa dare. A zafin Maris da Afrilu, da lokacin hunturu da iska ke busar da jiki, buƙatar takan ƙaru. Fitsari ne ma'auninka: idan ya yi ja ko ya ragu, ruwan bai isa ba.

Kada ka haɗa ci da sha. Ka dakata da ruwa kafin abinci, kuma ka jira minti 30 bayan ka gama. Lemon kwalba mai gas yana kumbura tumbi, a bar shi.

Suga da maiƙo

Kunun zaƙi, zoɓo mai suga, fura da aka zuba wa suga, shayi mai kauri da lemon kwalba suna wucewa ba tare da sun cika ciki ba, kuma su ne suka fi dawo da ƙiba a ɓoye. Ga wanda aka yi wa baifas akwai ƙarin matsala. Idan zaƙi ko maiƙo ya zubo cikin hanji gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai zuciya ta kama bugawa, gumi ya keto, ciki ya murɗa, jiri ko gudawa su biyo. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugan jininsa zai faɗi, jiki ya kama rawa. Idan haka na faruwa da kai, ka rubuta abin da ka ci, ka kai wa likita.

Bitamin har ƙarshen rayuwa

Wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi, domin mutum yakan ji garau ya ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Ƙarancin ba ya nunawa da wuri. Yakan ɗauki watanni ko shekaru. Za ka riƙa shan haɗaɗɗen bitamin kullum, da kalsiyam da bitamin D, da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, wanda wasu asibitoci ke bayarwa ta allura duk wata uku. A raba ƙarfe da kalsiyam da awa biyu, kuma kada a kora maganin ƙarfe da shayi, domin yana hana jiki tsotsarsa. Ana gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Ka saka kuɗin wannan cikin lissafi tun kafin ka amince da aikin.

Magungunan da ka saba

Kada ka shiga kemis ka sayi maganin ciwon jiki irin ibuprofen, diclofenac ko piroxicam. Suna iya haifar da gyambo a sabon tumbi har ya yi jini ko ya huje. Paracetamol ya fi aminci. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba, a nisance su. Idan kana shan maganin suga ko na hawan jini, buƙatarka za ta iya raguwa cikin kwanaki kaɗan, kuma tsohon adadin zai iya kayar da kai. Ka riƙa auna suga da jini, likita ne zai rage maka.

Motsa jiki, azumi da haihuwa

Tafiya a ƙasa tana farawa tun ranar aiki, domin tana hana jini daskarewa a ƙafa. A gida, fara da minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, ka ƙara a hankali har ka kai minti 30. Kada ka ɗauki jarkar ruwa, buhu ko yaro mai nauyi sai bayan mako huɗu zuwa shida.

Likitoci da yawa suna ba da shawarar a ɗage azumi a shekarar farko, na Ramadan ne ko na coci. Tumbin ba zai iya ɗaukar ruwa da abincin yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Ka tattauna da likitanka da malaminka tun kafin wata ya kama.

Ke kuma uwargida, raguwar ƙiba takan dawo da haihuwa ko da an daɗe ana nema. Ana so ki jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi yake zuba da sauri. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba ta cika aiki yadda ya kamata ba, don haka ki tambayi wata hanyar. Zubar gashi tsakanin wata na 3 da na 6 abu ne sananne, kuma yakan tsaya.

Alamomin da ba a kwana da su

Ka tafi babban asibiti nan take, da takardar aikinka a hannu, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: bugun zuciya sama da 120 a minti ɗaya kana zaune; zazzaɓi; ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu; numfashi sama-sama; kumburin ƙafa ɗaya; aman jini ko baƙin bayan gida. A makonnin farko waɗannan na iya nufin ɗinki yana yoyo ko gudan jini ya tafi huhu. Kada a ce maleriya ce a tsaya a kemis.

Amai da ya ƙi tsayawa kwana biyu ko uku ma na asibiti ne. Yana ƙarar da bitamin B1, kuma rashinsa yana kawo ruɗewa, gani bibbiyu, layi a tafiya da mutuwar ƙafa. Idan aka makara, lahanin na iya zama na dindindin.

Ga iyali

Ku ne rabin maganin. Ku ware masa ƙaramin kwano maimakon cin tire ɗaya da jama'a, domin a cikin taro hannu yakan yi sauri. Kada ku ce "ɗan ƙara mana", kuma kada mai girki ta ɗauka raini ne idan ya bar saura. A wajen biki ko suna ku taya shi ba da uzuri. Mutane za su ga ya rame su fara tambayar ko lafiya, wasu ma su yi ta zargin wata cuta. Ku yanke shawara tare a kan wanda za a gaya wa da abin da za a ce.

Ku kula da yanayinsa. Wanda ya saba huce damuwa da abinci yakan shiga ƙunci idan wannan ƙofa ta rufe. Idan baƙin ciki, rashin barci ko janyewa daga mutane sun wuce mako biyu, a gaya wa likita.

Bayan shekara biyu wasu sukan ga nauyi ya ɗan dawo. Kaɗan ba abin tsoro ba ne. Idan ya ci gaba da hawa, galibi ciye-ciyen tsakanin abinci da abin sha mai zaƙi ne suka dawo. Kada kunya ta hana ka komawa asibiti: ka rubuta duk abin da ka ci da wanda ka sha na mako guda, ka ɗauki takardar da sakamakon gwajin jininka na ƙarshe, ka je ka ga likitanka.