Kyanwa ta sha magani, saura gidan

Jama'a, duk mai mangaza a kasuwar Forum ta Adjamé, ko mai zama a gidan haya a Treichville, ya san amfanin kyanwa: ita ce mai gadin buhunan shinkafa. To, ɓeran nan da take ci yana cikin abin da ke sa mata tsutsar ciki. In ka ba ta magani ta warke, kada ka ce an gama.

Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashinta, ido ba ya ganinsa. Ba ya kama mutum nan take, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa, laimar Abidjan kuwa tana taimakonsa. Shi ya sa kwashe kashin kullum, a ƙulle a leda a jefar, ya fi komai. Masu cewa ruwan Javel ya isa, a'a wallahi, ɓawon ƙwan yana da tauri. Tafasasshen ruwa ke kashe shi. A goge siminti da sabulu da buroshi, a kwara ruwan zafi. Tsumman da take kwana a kai, a dafa shi ko a ƙone. Yashin tsakar gida inda take tono, a kwashe samansa, don nan yara ke wasa su kai hannu baki.

In ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, wannan irin tsutsar ƙuma ke kawo ta, sai an kashe ƙumar. Bayan mako 2 ko 3, a koma wajen likitan dabbobi ya maimaita maganin.