Takardar daren Asabar a gasar Ryder Cup

 Shirinmu na yau zai leƙa gasar golf ta Ryder Cup, inda Turai da Amurka ke karawa duk bayan shekara biyu. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 12, ana kuma raba maki 28 cikin kwana uku. Maki 12 daga ciki sai ranar Lahadi ake neman su, ranar da kowa ke fita shi kaɗai ya fuskanci abokin karawarsa. Kyaftin ɗin kowane ɓangare ba ya buga ƙwallo ko sau ɗaya. Abin da ke hannunsa a daren Asabar shi ne jera sunayen mutanensa daga na farko zuwa na 12, ya miƙa ba tare da ya ga jerin ɗaya ɓangaren ba. A ganina wannan takarda ce mafi nauyi a cikin aikinsa, kuma kyaftin ɗin da ke neman kofin dole ya tura gwanayensa gaba.

A watan Satumban 2012, a filin Medinah kusa da Chicago, Turai ta kwana da maki 6, Amurka na da 10. Kyaftin ɗin Turai, José María Olazábal ɗan ƙasar Sifen, ya sa Luke Donald ya buɗe fage, sai Ian Poulter, Rory McIlroy, Justin Rose da Paul Lawrie. Dukansu biyar suka yi nasara. Akwai allunan sakamako a ko'ina cikin filin, don haka wanda ya fito daga baya yana ɗaga kai sai ya ga shuɗin Turai na mamaye allo. Masu rinjaye suka fara ɗar-ɗar, waɗanda aka fid da rai da su suka sami ƙwarin gwiwa. Saura rami biyu a tashi, Rose na bayan Phil Mickelson na Amurka da rami ɗaya. A rami na 17 ya turo ƙwallo daga nesa ta gangara ta faɗa, har Mickelson da kansa ya tafa masa, sannan ya ci na 18. Turai ta gama da maki 14 da rabi.

Wani zai ce ai hannun Rose ne ya yi aikin, kyaftin yana gefe yana kallo. Haka ne, kuma akwai abin da ya fi ƙarfin kowane tsari: McIlroy ya rikita agogo a safiyar nan, sai da motar 'yan sanda ta garzayo da shi filin. To amma da sa'a ce kawai, da ba a ga irin haka fiye da sau ɗaya ba. A 1999 a Brookline, Amurka ce ke baya da 6 da 10, kyaftin ɗinta Ben Crenshaw ya jera ƙarfafansa a gaba, suka cinye wasanni shida na farko suka ƙwace kofin. Kyaftin ba zai iya sa ƙwallo ta shiga rami ba, amma shi ke zaɓen wanda zai fara rubuta sakamako a allon da sauran ke kallo.

Akwai kuma masu cewa a ajiye gwani a ƙarshe, domin can ne ake yanke hukunci. Sukan kafa hujja da Martin Kaymer ɗan Jamus, wanda ya fita na 11 a Medinah kuma bugunsa ne ya tabbatar wa Turai kofin. Da mutum biyar ɗin farko sun faɗi, da bugun Kaymer bai tsinana komai ba. An ma gwada wannan shawara a 2002 a Belfry ta Ingila, inda aka kwana kunnen doki, 8 da 8. Kyaftin ɗin Amurka Curtis Strange ya ajiye Mickelson da Tiger Woods a na 11 da na 12, na Turai Sam Torrance kuwa ya fara da Colin Montgomerie. Kafin Woods ya kammala wasansa, Turai ta riga ta ɗauke kofin. Woods ne na ɗaya a duniya a lokacin, kuma kuskuren kyaftin ne ya sa wasansa bai taɓa sakamakon gasar ba.